Kada Ka Tara Rumbunanka Wuri Ɗaya

Ɗana, na ga ka jera faifan ajiya huɗu a jikin kwamfutarka, kana ta murna wai aikinka ya tsira. Zauna mu yi magana.

Na san wani mai ɗaukar hoton biki a Gusau da ya yi irin naka. Ya sayi ɗan akwatin nan mai raba ramin USB gida huɗu, mai arha, ya cusa faifansa duka. Ranar da na shiga shagonsa, ɗaya na ta ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwarya. Bidiyon aure uku ne a ciki, ga uwar amarya tun daga Tsafe tana zaune a kan benci tana jira. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya ci shi ƙarancin wuta ne. Ramin USB 2.0 miliamp 500 na wuta kawai yake bayarwa, na 3.0 kuma 900. Ƙaramin faifai guda yakan kusan lashe wannan shi kaɗai, domin a cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya. To ina ga huɗu a kwano ɗaya? Sayi mai rabawa wanda yake da nasa abin jona wuta. Manyan faifai kuwa, masu inci 3.5, dama da tasu wayar wutar suke zuwa. Ka haɗa su da UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta, don in an ɗauke wuta ana tsakiyar kwafa, fayil ya lalace. Kada ka fizge waya sai kwamfuta ta ba ka izini. Ka rufe su daga ƙurar hunturu, kada kuma ka ɗora wani kan wani a zafin Afrilu.

Sai babbar maganar. Manomin Bungudu ba ya zuba geronsa duka a rumbu ɗaya, ya san gobara, ya san gara. Faifai huɗu a tebur ɗaya, in ɓarawo ya shigo ko wuta ta zo da ƙarfi, tare za su tafi. Duk abin da kake jin rashinsa zai sa ka kuka, ya zama kana da shi sau uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan da kake cirewa ka sa a durowa, ɗaya a gidan yayanka.

Za ka ce ai akwai intanet. Haka ne, ɗora a can ma. Amma ka tuna Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara, mai ajiya a sama ya yi makonni bai ga kayansa ba.

Kowace Juma'a, in ka dawo daga masallaci, jona faifan durowar nan ka kwafe aikin mako, ka buɗe fayil biyu ka tabbatar suna buɗuwa. Allah ya yi maka albarka.