Ciwon da Bai Tara Jama'a Ba

A shekarar 1882 wani likita Bafaranshe, Philippe Gaucher, ya ba da labarin wata mata da saifarta ta kumbura ƙwarai, har yau kuwa da sunansa a ke kiran cutar. Ta gado ce, sai uwa da uba duk suna ɗauke da irinta sa'an nan ta kama ɗa. A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari, enzayim, mai narkar da wani irin maiƙo. In ya yi ƙaranci sai maiƙon ya taru a saifa da hanta da ɓargo, jini ya ragu, ƙasusuwa su yi ta ciwo har su karye.

Wani likitan Amurka, Roscoe Brady, shi ya gano asalin nan a 1965, amma sai 1991 magani ya fito. Daga mabiyiyar haihuwa aka riƙa tatso sinadarin, ana ɗura wa majiyyaci ta jijiya, mutum ɗaya ya kan cinye na mabiyiya dubbai a shekara. Bayan kowane mako biyu a ke ɗurawa, muddin rai. Saifa ta saɓe, jini ya komo, yaro ya miƙe. Sai dai ba ya isa ƙwaƙwalwa, don haka ba ya ceton jariran da cutar ta taɓa can.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin maganin baligi ɗaya ya kan kai dala 200,000 a shekara, ko fiye, cutar kuwa da ƙyar ta kan kama mutum ɗaya cikin 50,000. Mai riƙon baitulmali zai ce kuɗin nan ya isa a saya wa dubban yara gidan sauro da maganin zazzaɓi. Ba mugu ba ne, lissafinsa daidai ne, kuma yaran nan ma 'ya'yan wasu ne. Amma fa mai kumburin saifa bai zaɓi ciwonsa ba. In aka juya masa baya don abokan wahalarsa kaɗan ne, an hukunta shi ke nan bisa abin da ba shi da hannu a ciki.

Kafin a sa yaran nan bisa ma'auni, kamata ya yi a tambayi wanda ya yanka farashin. A 1983 Amurka ta kafa doka, duk kamfanin da ya fito da maganin irin waɗannan cututtuka shi kaɗai zai sayar har shekara 7. Dokar ta yi amfani, domin kafin ta ba safai kamfani ke kula da ciwon da ba shi da kasuwa ba. Amma mai kaya shi kaɗai a kasuwa ba a taya masa, abin da ya faɗa shi ke nan. A 1994 aka ƙware wajen yin sinadarin a masana'anta, aka huta da neman mabiyiya, duk da haka maganin bai yi araha ba.