Ranar da Auta Ya Toshe Bakin Inji

A garin Kura, bakin titin Kano zuwa Zariya, akwai wani tsohon bakanike da kowa ke kira Baba. Babura yake gyarawa, da injinan ban-ruwa na masu noman rani. Cikin yaransa Auta ne ƙarami, hannunsa ya fi na kowa sauri, amma ba ya son a ji cewa akwai abin da bai iya ba.

Wata Laraba aka kawo babur mai ƙafa huɗu na wani Alhaji mai gonar shinkafa a Kadawa, wanda ake kai taki da shi inda mota ba ta shiga. Honda ne, FourTrax 300, irin wanda aka ƙera daga 1988 zuwa 2000, ya tsufa amma da sauransa. Alhaji ya ce a sauya baƙin mai, a saita bawul. Baba kuwa zai shiga Kano sayen kayan gyara a Ƙofar Ruwa.

"Auta, ka bar shi ya huce sarai," in ji Baba. "Tazarar 0.15 ce ta milimita, na gaba da na baya. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka jira ni."

"To, Baba."

Da inji ya huce, Auta ya buɗe murafan kai, ya juya inji har alamar T ta jikin maganeto ta zo daidai. Ya zura fila geji, ya ƙi shiga. Ya gwada ɗaya bawul ɗin, shi ma haka. A nan ya kamata ya tsaya, don matambayi ba ya ɓata. Sai kawai ya sassauta noti, ya yi ta warware sukuru har geji ya shige, ya ɗaure, ya tayar.

Kas-kas-kas-kas! Kai ka ce keken ɗinki ne ya rasa mai. Manyan yaran suka ɗago kai. Kunya ta kama Auta. Ya kashe, ya sake buɗewa, ga ƙarfe da zafi, ya riƙa matse sukurun yana tayarwa yana saurare, har ƙarar ta ɓace ɗungurungum.

Bayan la'asar Baba ya dawo. "Baba, zo ka ji, ko tari ba ya yi."

Baba ya taka kik, ya ji ƙafarsa ta tafi salin-alin, babu tauri. Da ƙyar injin ya kama, ya yi ta harbi ta salansa, ya mutu. Baba ya dubi yaron.

"Yaya ka yi da shi?"

Auta ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya faɗi komai, bai rage ba. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce a tura babur ciki, sai da safe.

Washegari, inji ya yi sanyi ƙalau, Baba ya cire filogi, ya ce Auta ya toshe ramin da babban yatsa. Ya juya inji, alamar T ta zo. "Ka ji wani abu?" Auta ya ce a'a. Ya sake juyawa zagaye guda, iska ta ture yatsan da ƙarfi, T ta sake bayyana.

"Ka gani? Sau biyu take zuwa. Inji yana shan mai, ya matse shi, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi, duk a zagaye biyu. A T ɗin da ka tsaya jiya, bawul na hayaƙi bai gama rufewa ba, na mai ya fara buɗewa, shi ya sa geji ya ƙi shiga. Ka warware a can, tazara ta yi yawa, roka ya riƙa dukan kan bawul. Wannan ta biyun ce tamu. Girgiza rokan ka ji, duk biyun su yi ɗan motsi."

Ba su motsa ba, don Auta ya matse su tam.

Kuskuren farko kowane ɗan koyo na iya yin sa, kuma ƙarar da kanta ta tona shi. Na biyun ne ya fi damun Baba. Tazarar nan ba a bar ta banza ba. Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, bawul na hayaƙi kuma yana rage zafinsa ne a duk lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In an matse shi ba ya zama, wuta ta riƙa bi ta gefensa tana cin bakinsa, ba tare da ya yi ƙarar da za ta faɗakar da kowa ba. Da Alhaji ya tafi da shi haka, sai an sauke kan inji.

Auta ya saita da hannunsa, geji na shiga da ɗan ja, ya riƙe sukuru ya ɗaure noti, ya sake aunawa. Taku ɗaya injin ya kama. Amma akwai sauran ƙara, sai hannun Auta ya nufi sifana. Baba ya riƙe shi.

"Ƙarar daga ina take?"

Ya miƙa masa dogon sukudireba, ya ce ya ɗora bakinsa a inji, ƙotar a kunne. A kai, ɗan tik-tik ne siriri, Baba ya ce lafiyarsa ke nan. A gefen tayimin cen babu kacau-kacau na sarƙar da ta saki. A ƙasa babu bugu mai nauyi irin na kwanrod. Sai a wuyan salansa Auta ya ji tsut-tsut, ya ga baƙin hayaƙi ya shafe wurin. Gaskit ne ya huje, tun kafin a kawo babur ɗin. Suka sauya shi.

Da Alhaji ya zo yana tambayar dalilin kwana, Baba ya ce, "Auta, yi wa Alhaji bayani."

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Na saita ba daidai ba, na kuma yi ƙoƙarin ɓoyewa."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya biya kuɗin mai da na gaskit da na aiki. Mako biyu bayan haka aka kawo injin ban-ruwa daga gonar, Baba ya ce Auta ne zai saita bawul ɗinsa.