Kyamara a Kan Kufai: Ganima ko Amana?

Hausawa kan ce, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mu ɗalibai da malamai da kan shiga ƙauyuka domin tattara bayanai, raɓa ce mu: da hantsi ya yi mun watse. To, amma hoton da muka ɗauka ba ya watsewa. Saboda haka wannan maƙala za ta dubi tambaya ɗaya: shin muna da ikon ɗaukar fuskar wanda ba mu sani ba a garin da wutar ƙabilanci ta lashe?

Mu ɗauki Zangon Kataf alal misali. Saɓani kan sauya wa kasuwa mazauni ya haddasa rikici tsakanin Atyap da Hausawa a Fabrairun 1992, ya sake ɓarkewa a watan Mayu, har ya fantsama zuwa Kaduna da Zariya. A ce mun isa irin wannan gari bayan ƙura ta lafa, muka tarar da tsohuwa zaune a bakin ƙonannen zaure. Hannu zai kai ga kyamara tun kafin baki ya yi sallama.

Masu goyon bayan ɗauka suna da hujja mai ƙarfi, wato gani ya kori ji. Idan babu hoto, gobe wani zai tashi ya ce ba a ƙona komai ba, kuma musun ɓarna ɓarna ce ta biyu.

Sai dai akwai abu biyu da ke daure mana kai. Na farko shi ne yarda. Tsohuwar ta ga mun sauko daga mota, riƙe da takarda da alƙalami, ga ɗan rakiya daga gidan dagaci. Ta ina za ta bambance mu da jami'an gwamnati ko masu rabon agaji? In ta ce "to", kunya ce ta amsa, ko tsoro, ko sa rai. Amincewar wanda ba shi da halin ƙi ba amincewa ba ce. Na biyu shi ne haɗari. A garin da maƙwabci ke zargin maƙwabci, fuska shaida ce. Da zarar mun rubuta sunan ƙabila a ƙarƙashinta, mun raba ta da mutuntakarta, mun mayar da ita tutar ɓangare. A yau kuwa, da wayar salula da intanet, hoton kan riga mu komawa garin.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A 1993 Kevin Carter ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta kayar a kudancin Sudan, ga ungulu tana dako a bayansa. Ya sami lambar Pulitzer a 1994. Duniya ta haddace sunan mai hoto, shekaru suka shuɗe ba ta san na yaron ba.

Daga ƙarshe, a ganinmu hoto amana ne, ba ganima ba. Mu fara zama a sha ruwa, mu faɗi ko mu su wane ne da inda hoton zai je, mu kuma bayyana cewa ba mu zo da ko kwabo ba. In muka ga nauyin baki, mu ɗauki bango mu bar fuska, domin toka ma tana ba da shaida. In an yarda, mu koma da hoton ga mai shi kafin ya shiga kundi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mu digiri za mu samu. Ita kuwa tsohuwa, a nan za ta ci gaba da kwana.