Girkin Ƙawa: A Faɗi Mai Shi Ko A Yi Shiru?

Akwai wani girki da ya fara zaga gidajenmu nan Yelwa, wato wainar ƙwai mai shinkafa a ciki. Sauran shinkafar rana ake soyawa da albasa, tattasai da ɗan busasshen kifi, a kaɗa ƙwai uku a zuba a kasko, kafin samansa ya bushe a sa shinkafar a tsakiya a naɗe. A garin da ake noman shinkafa da albasa, ga kifin ruwan Kainji a kasuwa, ƙwan ne kawai abin nema. Ni ma wata ƙawata ce ta koya mini, kuma yara sun karɓe shi hannu biyu.

To ga tambayar: uwargida ta gwada, girki ya yi kyau, maigida ya ci ya yi santi, ya ce, "A ina kika samo wannan?" Me za ta ce?

Da yawanmu murmushi za mu yi mu ce dabararmu ce. Kada a yi saurin zargin mai yin haka, domin tsoronta yana da tushe. Duk mun san labarin ƙawar da aka riƙa yabonta a gaban maigida har wata rana aka wayi gari ita ce amarya. Musulunci ma bai raina wannan tsoro ba. A Sahihul Bukhari, hadisin Ibnu Mas'ud ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana ganinta. Don haka ba sai kin ambaci sunanta ba, balle ki shiga ba shi labarin iya girkinta da tsaftar ɗakinta.

Amma ɓoye suna daban, ƙarya daban. Asma'u 'yar Abubakar (RA) ta ruwaito cewa wata mai kishiya ta tambayi Annabi (SAW) ko laifi ne ta nuna an ba ta abin da ba a ba ta ba, sai ya kamanta mai yin haka da wanda ya sa tufafin ƙarya biyu. "Koya mini aka yi" ta wadatar, kuma gaskiya ce. Ai ko maigidan ya san ba a haifi kowa da ludayi a hannu ba.

Inda na fi ganin rashin adalci shi ne tsakaninmu mata. A gidan suna ko walimar sauka, ana yaba girki, wadda ta koyar tana zaune a gefe, wadda aka koya wa tana karɓar yabo ita kaɗai. A nan wane miji ake tsoro? Son a sani ne kawai. Wallahi na sha ganin zumuncin shekaru ya yi sanyi a kan abin da bai fi wannan ba.

Wata za ta ce, ita ƙawar ma ai a waya ta gani. Haka ne. A Japan an daɗe ana yinsa, suna kiransa omuraisu, har gidajen abinci biyu, ɗaya a Tokyo ɗaya a Osaka, kowanne na cewa shi ya fara. Ba a ce ita ta ƙirƙira ba. Haƙƙinta shi ne ta tsaya ta nuna miki, ta gaya miki a rage wuta, kada a cika shinkafa wainar ta yage.

Sai kuma ita mai koyarwar. Akwai matan da idan an tambaye su sai su faɗi rabi su riƙe rabi, don kada wata ta kamo su. Wannan ya fi rowa muni, saboda mai rowa ta ce a'a an san inda aka tsaya. Ita kuwa wannan ta bar 'yar'uwarta ta fasa ƙwai uku a cikin tsadar nan, waina ta kama kasko, ga maigida zaune yana jiran abincin dare. Idan ba ki so ki bayar, ki ce mata kai tsaye, "Yi haƙuri, wannan na sana'ata ne," ta je ta nema a wani wuri.