Alheri Gadon Barci Ne, To Amma Gadon Wa?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'o'in ƙasar nan ya san wani mutum da babu sunansa a takardar ɗaki, amma kuma ba a raba ɗakin da shi. Shi ne wanda ɗalibai suke kira "sukwata", mu kuwa a wannan maƙala za mu kira shi ɗan raɓe. Ɗalibi ne cikakke, ya yi rajista, yana shiga lacca, yana rubuta jarrabawa, sai dai da aka zo rabon gado bai dace ba, aljihunsa kuma ba zai iya kama haya a cikin gari ba. Don haka sai ya ɗauko jakarsa da 'yar katifarsa ya raɓa da wani aboki ko ɗan garinsu. Tambayar da muke so mu tattauna ita ce: shin wanda ya ba shi masaukin nan alheri ya yi, ko kuwa haƙƙin wasu ya ci?

Kafin mu shiga cikin maganar, yana da kyau mu waiwaya baya mu ga yadda aka yi aka haihu a ragaya. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, an ɗauko tsarin ne daga Ingila, inda ake ɗaukar zaman ɗalibi a cikin makaranta wani ɓangare ne na karatunsa. Da wannan fahimta aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, wadda masaukan ɗalibanta suke ɗauke da sunayen manya irin su Sarauniya Amina da Shehu Ɗanfodiyo. A wancan zamani ɗalibai kaɗan ne, ɗakuna sun wadata, abinci kuma yana jiran ɗalibi a kafteriya sau uku a rana. A 1978 gwamnati ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, ta kuma tsayar da kuɗin gado a kan Naira 90 a shekarar karatu, abin da ya haddasa zanga-zangar nan da aka fi sani da sunan kwamishinan ilmi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A 1984 aka janye tallafin ciyarwa, risho da tukunya suka shigo ɗakin kwana. Daga nan yawan ɗalibai ya yi ta hauhawa, ginin ɗakuna kuwa bai bi sahu ba. A jami'o'i da dama sai aka koma fifita 'yan shekarar farko da ta ƙarshe, na tsakiya kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Daga wannan giɓi ɗan raɓe ya fito, ba daga sama ya faɗo ba.

To, bari mu fara da hujjar mai masauki, domin tana da ƙarfi ƙwarai. Zai ce mana shi Bahaushe ne, an raine shi a gidan da zaure ba ya rabuwa da baƙo, inda almajiri da matafiyi suke samun tabarma ba tare da an tambaye su takarda ba. Zai tuna mana cewa Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ke nuna abincin mutum biyu yana isar mutum uku, na uku kuma yana isar huɗu. Zai kuma tambaye mu, in ya kori abokin nan, ina zai kwana? A kan benci a aji, sauro na cin sa, ko kuwa ya tattara ya koma ƙauyensu ya bar karatun da iyayensa suka sayar da amfanin gona suka tura shi? Mu kam ba mu ga yadda mai imani zai raina wannan hujja ba. Da yawa daga cikin likitoci da malamai da alƙalan da ake ji da su a yau, da ba su sami inda za su raɓa ba a shekara ta biyu ko ta uku, da Allah kaɗai ya san inda za su ƙare.

Wani zai ce ai magana ta ƙare tun da dokar makaranta ta hana, wanda aka kama kuma ana iya ƙwace gadonsa. Gaskiya ne doka tana da dalilinta, domin bayan gida da wayar lantarki da famfon da aka yi don mutum ɗari ba za su ɗauki ɗari uku ba sai sun gaza, kuma in gobara ta tashi ko cuta ta ɓulla, hukuma tana bukatar sanin su wa ke kwana a ina. Amma a ganinmu doka kaɗai ba ta isa ta kashe bakin mai masauki ba. Dokar da ta ce kada ka kwantar da ɗan'uwanka, alhali wanda ya kafa ta bai tanadar wa ɗan'uwan naka makwanci ba, doka ce mai wuyar shiga zuciya, shi ya sa ma masu tsaron ƙofa sukan kau da kai.

Inda gizo yake saƙar a wani wuri ne daban, wurin da mai masauki bai cika dubawa ba. Mu ɗauki ɗaki mai gado huɗu. Ɗaya daga cikin masu ɗakin ya kawo abokinsa. A ransa gadonsa ya raba biyu, kuma abin da yake nasa ne ya bayar. To amma da gaske gadon kaɗai baƙon zai yi amfani da shi? Zai shaƙi iskar ɗakin a watan Afirilu lokacin da zafi yake hana barci. Zai shimfiɗa katifa a tsakar ɗaki inda sauran suke taka ƙafa in sun tashi sallar asuba. Zai ɗebi ruwan bokitin da wani ya hau bene da shi, zai kunna fitila lokacin da wani yake da jarrabawa da safe, shi ma kuma yana da nasa baƙin da za su riƙa ƙwanƙwasa ƙofa. Ashe kenan mai masauki ya ba da rabin gadonsa, ya kuma haɗa da wani yanki na hutun mutum uku da natsuwarsu, ba tare da sun miƙa masa ba. Godiya tasa ce shi kaɗai, nauyin kuwa an raba shi huɗu. Bahaushe ya ce alheri gadon barci ne, mun yarda, amma ya kamata mai alheri ya duba ya ga a kan gadon wa yake shirin kwanciya.

Mai masauki zai ce ai ba wanda ya yi magana. A nan ne muke ganin wata kyakkyawar ɗabi'armu takan zama makami a hannun marar lura, wato kara da kawaici. Wane ɗan mutunci ne zai dubi baƙo tsaye da jaka a hannu ya ce ba za ka kwana a nan ba? Wanda ya shigo da baƙo tukuna sannan ya ce "ina fata babu damuwa", ya san sarai amsar da zai samu, domin ya riga ya ɗaure bakin jama'a da igiyar kunya. Shirun da aka yi don kara ba yarda ba ne. Abin da yakan biyo baya kuwa mun san shi: gaisuwa ta ragu, kowa ya sayo kwaɗo ya garƙame kabad ɗinsa, ranar da aka nemi Naira ɗari aka rasa, duk ido ya koma kan ɗan raɓe ko da bai san hawa ba bai san sauka ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, amma wannan saɓani da hannu aka shuka shi tun ranar farko.

Addini bai bar mu a cikin duhu ba game da matsayin abokin ɗaki. A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, bayan an ambaci iyaye da dangi da marayu da miskinai, an yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, da kuma abokin da yake gefenka. In maƙwabcin da katanga ta raba ku yana da haƙƙi, ina ga wanda yake kwana a saman gadonka, wanda ko juyi ya yi sai ka ji? Haka kuma hadisin da ya girmama baƙo shi ne ya iyakance liyafa ga kwana uku, ya kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. Wato an ɗora wa kowane ɓangare nasa nauyin.

Saboda haka matsayinmu shi ne, ɗaukar ɗan raɓe abin yabo ne matuƙar an cika sharuɗɗansa. A nemi yardar kowane mai ɗaki tun kafin baƙon ya iso, a bayan idonsa, ta yadda wanda bai so ba zai iya cewa a'a ba tare da ya ji kunya ba, kuma in ya ce a'a kada a mai da shi marowaci. A yanka lokaci, ko da zuwa ƙarshen zangon karatu ne, sannan a sake zama. Mai masauki ya ɗauki mafi yawan takurar a kansa, tun da shi ne mai baƙo. Shi kuma ɗan raɓe ya san cewa baƙo raɓa ne, ya riga kowa ɗaukar tsintsiya da bokiti, kada kuma ya kawo wani ya raɓa da shi, kamar yadda akan gani har ɗakin mutum huɗu ya koma na mutum goma.

Akwai kuma wani hali da ba mu ga ta inda za a wanke shi ba, wato sayar da gado. Ɗalibin da gidan iyayensa yake cikin gari ya shiga layi ya karɓi gado a farashin gwamnati, sannan ya sayar wa wanda ya zo daga nesa a kan ninki ba ninki. Wannan ya mai da amana haja, domin an rage kuɗin gadon ne daga dukiyar jama'a don a sauƙaƙa wa mabukaci. Shi ne ma yake ƙera 'yan raɓe da hannunsa. Yaron da ya koyi wannan ciniki yana ɗan shekara 20, me muke zaton zai yi ranar da aka ba shi rabon taki ko filaye ko kujerun aikin Hajji? Hukumomi su ma ba su kuɓuta ba, domin wanda ya ɗauki ɗalibai fiye da makwancin da ya tanada, shi ya jefa yara cikin wannan tsaka mai wuya, ta zaɓi tsakanin tausayin aboki da haƙƙin abokin zama.

Daga ƙarshe muna jan hankalin 'yan'uwanmu marubuta. Sau da yawa in muka kai taurarin labaranmu jami'a, a gindin bishiya muke ajiye su suna hirar soyayya, ko a bakin ɗakin kwanan 'yanmata cikin mota. Ba mu cika shiga da su cikin ɗakin ba, alhali a can ne ɗan sarki da ɗan manomi, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bayarabe da Tibi suke shan ruwan bokiti ɗaya ba tare da sun zaɓi juna ba. Mai neman labarin da babu mugu a cikinsa amma akwai wanda aka zalunta, ya leƙa ɗakin nan mai gado huɗu da mutum biyar, ya saurari wanda ya yi shiru. Allah ya sa mu iya alheri da abin da yake namu, ya kuma kiyashe mu da yin kyauta da haƙƙin wani, amin.