Furfura a Cikin Gidan Mai Bi

Nassi: Zabura 90, Mai-Wa'azi 12:1-7, Markus 7:9-13

Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, unguwar Bukan Sidi da ke kan hanyar Jos take ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa. Yawancinsu sun bar iyaye a ƙauye, wasu kuma sun kawo su gari sa'ad da ƙarfin noman doya da riɗi ya ƙare. Ta haka tsufa ya shigo gidajen masu bi da yawa, ya tarar ba su shirya masa ba.

Yadda jiki yake tsufa

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye raunin tsufa ba. Idanun Ishaku sun dushe har ya kasa bambanta 'ya'yansa. Sarki Dawuda ya kai ga mayafi ba ya ɗumama shi. Barzillai, yana da shekara 80, ya ƙi bin sarki zuwa Urushalima domin ba ya ƙara jin ɗanɗanon abinci. Dukansu bayin Allah ne, ba la'ana ce ta same su ba.

Masana sun gano kaɗan daga cikin dalilin. Jiki ginin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, waɗanda suke rabuwa domin su maye gurbin waɗanda suka mutu. A 1961 Leonard Hayflick na Amurka ya nuna cewa ƙwayar jikin mutum takan rabu wajen sau 50, sa'an nan ta tsaya. A bakin kowane zaren gado da ke cikinta akwai wani abin kariya, kamar ƙullin da ke hana bakin igiya warwarewa. Duk rabuwa sai ya ragu. Masana uku da suka bayyana aikinsa sun sami lambar Nobel a 2009. Sa'ad da irin waɗannan gajiyayyun ƙwayoyi suka yi yawa, sai miki ya daɗe bai warke ba, tsoka ta saki, jijiyoyin jini su yi tauri.

Zabura 90 ta ƙiyasta kwanakin mutum a shekara 70 ko 80. Wadda ta fi kowa daɗewa bisa ga tabbatacciyar shaida ita ce Jeanne Calment ta Faransa, ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Iyaka tana nan, ba maganin da ya kawar da ita, komai daɗin bakin mai talla.

Abin da ke hannun iyali

Mutuwa ta Ubangiji ce, amma kula da jiki amana ce. Hawan jini yakan yi shekaru ba alama, rana ɗaya sai ya shanye rabin jiki. Ya kamata a riƙa kai tsohon gida awon jini da na sukari, kada kuma ya bar magani don ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, dunƙulen miya ma yana cikin lissafin. Tafiya da ƙafa da ɗan aikin lambu suna riƙe tsoka. Hana Baba motsi da sunan ladabi cuta ce gare shi.

Mantuwa ba maita ba ce

A nan ne zunubi ya fi yawa. Wata kaka takan fara manta sunan jikokinta, ta fita da dare, ta yi zance da waɗanda suka riga ta gidan gaskiya. Nan da nan sai a ce mayya ce, wani lokaci ma a tilasta mata furta laifin da ba ta san shi ba. Alhali ciwon ƙwaƙwalwa ne, wanda likita Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana a 1906. A Nijeriya ma likitoci sun yi shekaru suna nazarinsa a tsakanin tsofaffin Ibadan tun daga 1992. Mai wannan ciwo likita take bukata, da haƙuri, da fuskokin da ta saba da su.

A Markus 7 Yesu ya tsauta wa masu keɓe wa Allah abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi. Mai bi da ya cika zakkarsa a majami'a alhali mahaifiyarsa ba ta da kuɗin magani yana ƙarƙashin wannan tsautawa. Dattawan ikkilisiya da Zumuntar Mata su san kowane tsoho da ƙafa ta hana shi zuwa sujada, su kai masa Jibin Ubangiji da ziyara har ɗakinsa. Yara kuma suna kallo: yadda aka riƙe Kaka yau, haka za su riƙe iyayensu gobe.

Ubangiji ya ba iyalai alherin ɗaukar waɗanda suka ɗauke su. Amin.