Tarar Gudu: Biya, Ƙara, ko "A Daidaita"?

Direban da ɗan sanda ya tsayar a titunan Kalley, kusa da Babbar Kasuwar Yamai, aka ce masa ya wuce ƙa'idar gudu, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya biya tara ya karɓi takardar shaida, ko ya musanta laifin ya nemi alƙali ya raba su, ko kuwa ya naɗe jika guda cikin takardun mota ya ce a daidaita. Wace ce ta dace da mutumin kirki?

Mu fara da laifin kansa, domin da yawa ba su ɗauke shi laifi ba. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take sau huɗu. A unguwar da masu tura baro, ƴan talla da ƴan makaranta ke tsallaka titi, waɗannan mitoci su ne tsakanin rai da mutuwa. Saboda haka wanda ya san ya yi gudu, biya ne ya wajaba a kansa, ko da ya ga wata kafa a takardar da zai iya silalewa ta cikinta. Doka tana iya sakinsa, amma zuciyarsa ta san abin da ƙafarsa ta taka.

Wanda bai yi ba fa? Tsarin shari'ar da Nijar ta gada daga Faransa ya bar masa ƙofa. Biyan tara nan take yana rufe magana, tamkar amsa laifi ne. In ya ƙi biya, rahoton jami'in zai bi ta hannun mai gabatar da ƙara har gaban alƙalin ƙananan laifuka. A can ana ɗaukar rahoton gaskiya ne sai an kawo abin da ya rushe shi, ko rubutacciyar hujja ko shaidu. Direba na da damar tambaya: da na'ura aka auna gudun ko da ido? A ina, da ƙarfe nawa? Lambar motar daidai take? Hanya ce mai cin lokaci, kuma ɗan taksin da ke kai wa mai mota kuɗi kowane maraice zai ce yinin da zai ɓata ya fi tarar tsada. Wannan hujja ce mai nauyi, ba a raina ta.

Amma mu dubi Sokiratis, masanin falsafa na Girka. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa ya kare kansa gaban alƙalan Atina, suka yanke masa hukuncin kisa. Abokinsa Kiriton ya shirya kuɗin da za a fitar da shi kurkuku a ɓoye, ya ƙi. A ganinsa ɗan ƙasa abu biyu yake da su gaban doka: ya shawo kanta da hujja, ko ya bi ta. Sayen ta ba ya ciki.

Mai biya da takarda da mai kai ƙara, ko da yake sun saɓa, dukansu sun yarda akwai hukuncin da ya fi ƙarfinsu, ya kuma fi ƙarfin mai kaki. Mai daidaitawa shi ne ya mai da doka haja. In yana da laifi, ya sayi izinin maimaitawa; in ba shi da shi, ya koya wa jami'i cewa tsayar da marar laifi akwai riba, gobe kuma maƙwabcinsa ne zai biya. Jikar da ya ba da ba ta kai baitulmali ba, ba ta kuma rage gudun kowa ba.

Don haka marar laifin da ke da halin jure zirga-zirgar kotu, ya dace ya je, domin yana tsaya wa ɗan taksin da ba zai iya ba. Wanda ba shi da hali, ya biya, amma ya dage sai an ba shi takarda.